Rachel Carson: Ma'aikaciyar Gwamnatin Da Ta Bi Sawun Gubar Maganin Ƙwari

A shekarar 1936 Hukumar Kula da Harkokin Kifi ta gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗauki wata mata mai shekara 29 aiki a matsayin ƙaramar jami'ar nazarin halittun ruwa, a kan albashin dala 2,000 a shekara. Ita ce ta zo ta ɗaya a jarrabawar neman wannan gurbi, kuma ita ce mace ta biyu da hukumar ta taɓa bai wa cikakken muƙamin ƙwararru. Sunanta Rachel Louise Carson. Shekara 16 ta yi a wannan aiki, mafi yawansu a bakin tebur, tana gyara rahotannin da jami'an bincike suka rubuto daga tabkuna da gandayen daji da gaɓar teku. A cikin waɗannan takardu ne ta fara cin karo da al'amarin da daga baya ya sa sunanta ya zaga duniya, wato cewa sinadarin da aka fesa domin ƙwaro ɗaya ba ya tsayawa a kan ƙwaron, yakan shiga ruwa da ƙasa da jikin duk wata halitta da ke ci daga gare su.

An haife ta ranar 27 ga Mayu, 1907, a garin Springdale na jihar Pennsylvania, kusa da kogin Allegheny, nesa ƙwarai da teku. Mahaifinta, Robert Carson, yana da fili mai faɗin eka 65, amma kuɗi ba su taɓa zama a hannunsa ba. Mahaifiyarta, Maria, tsohuwar malamar makaranta ce, ita ce ta riƙa yawo da ita cikin kurmi tana nuna mata tsuntsaye da tsirrai da sunayensu. Yarinyar ta taso da son rubutu, har wata mujallar yara ta buga labarinta a 1918 tana da shekara 11. Da ta shiga kwalejin mata ta Pennsylvania da ke Pittsburgh, adabin Turanci ta zaɓa, kowa kuma ya ɗauka marubuciya za ta zama. Sai darasin ilimin halittu na wata malama mai suna Mary Scott Skinker ya ja hankalinta, ta sauya fanni a 1928, duk da cewa a wancan zamani mace mai digirin kimiyya da wuya ta sami abin da ya wuce koyarwa. Ta kammala a 1929, kuma a wannan shekarar ce ta fara ganin teku da idonta, a cibiyar nazarin halittun ruwa ta Woods Hole.

A 1932 ta sami digiri na biyu a ilimin dabbobi daga Jami'ar Johns Hopkins, da bincike a kan yadda ƙoda ke tasowa a jikin 'ya'yan wani nau'in tarwaɗa. Ta soma karatun digirin digirgir, amma matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka a lokacin ya tilasta mata ajiye shi a 1934. Mahaifinta ya rasu a 1935. A farkon 1937 yayarta Marian ma ta rasu, ta bar 'ya'ya mata biyu. Daga nan nauyin gida ya dawo kanta baki ɗaya: uwa da 'ya'yan 'yar'uwa, duk a kan albashi ɗaya. Ba ta yi aure ba har ƙarshen rayuwarta, abin da abokan hamayyarta suka riƙa yi mata gori da shi daga baya, ba tare da sun tambayi su wa take ciyarwa ba.

Da aikin wucin gadi ta fara shiga hukumar, tana rubuta shirye-shiryen rediyo 52 masu tsawon minti bakwai-bakwai a kan rayuwar cikin ruwa. Shugabanta, Elmer Higgins, ya taɓa sa ta rubuta gabatarwar wata ƙasidar hukuma, da ya karanta sai ya mayar mata, ya nuna mata cewa rubutun ya fi ƙarfin ƙasida, gara ta aika wa mujallar Atlantic Monthly. Mujallar ta buga shi a 1937, daga shi ne kuma littafinta na farko, Under the Sea-Wind, ya samo asali. Littafin ya fito a Nuwamba 1941, 'yan makonni kafin Japan ta kai harin Pearl Harbor. Hankalin jama'a ya koma kan yaƙi, abin da aka sayar bai kai kwafi dubu biyu ba. Ta ci gaba da aikin ofis. An haɗe hukumarta da wata a 1940 aka kafa Hukumar Kifi da Namun Daji, ita kuma ta yi ta hawa mataki-mataki har ta zama babbar editar dukan wallafe-wallafen hukumar a 1949.

A tsakanin waɗannan shekaru ne DDT ya shigo. Tun 1874 aka fara harhaɗa wannan sinadari, amma sai a 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano ƙarfinsa a kan ƙwari, abin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1948. Ba a banza aka yaba masa ba. A birnin Naples na Italiya, tsakanin 1943 da 1944, an barbaɗa wa dubban ɗaruruwan mutane hodar DDT, aka kashe ƙwarƙwatar da ke yaɗa zazzaɓin taifos, annobar ta tsaya. Yana da araha, ba ya kashe mutum nan take, kuma idan aka fesa shi a bango yakan yi watanni yana aiki. Wannan daɗewa da aka ɗauka ita ce babbar falalarsa, ita ce kuma ta zama illarsa. A 1945, lokacin da jami'an hukumarsu ke gwada tasirinsa a kan kifaye da tsuntsaye a gandun bincike na Patuxent da ke jihar Maryland, Carson ta nemi mujallar Reader's Digest ta ba ta dama ta yi rubutu a kai. Mujallar ba ta nuna sha'awa ba. Maganar ta kwanta har shekara 13.

Kafin nan teku ta fitar da ita daga ƙuncin kuɗi. Littafinta na biyu, The Sea Around Us, wanda ta rubuta da dare da ranakun hutu, ya fito a 1951, ya yi mako 86 a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, ya kuma ci babbar kyautar littafi ta ƙasa a 1952. A shekarar ta ajiye aikin gwamnati, daga baya ta gina ɗan gida a gaɓar teku a jihar Maine. Littafi na uku, a kan halittun bakin teku, ya biyo baya a 1955. Da ta ga dama da ta ƙare rayuwarta a haka, marubuciyar da kowa ke so, wadda ba ta da abokin faɗa.

Abubuwa uku suka hana. A 1957 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta soma feshi ta jirgin sama a kan miliyoyin eka, a arewa maso gabas domin wani malam-buɗe-littafin dare da tsutsarsa ke cinye ganyen itatuwa, a kudu kuma domin wata cinnaka mai zafin cizo da ta shigo daga Kudancin Amurka. Shirin yaƙi da cinnakar ya nufi eka miliyan 20 a jihohi tara, da sinadaran dieldrin da heptachlor, waɗanda suka fi DDT dafi. Mazauna Long Island kuma sun kai gwamnati kotu a kan feshin da aka yi a kan gonakinsu ba da yardarsu ba. Sun faɗi a shari'ar, amma hujjojin kimiyyar da suka tara sun shiga hannun Carson. Sannan a Janairu 1958 wata ƙawarta, Olga Owens Huckins, ta aiko mata da labarin yadda tsuntsaye suka yi ta faɗowa matattu a filinta da ke Massachusetts bayan jirgi ya yi feshin sauro. Carson ta nemi wani marubucin da zai ɗauki maganar, ba ta samu ba, sai ta ɗauka da kanta.

Shekara huɗu ta yi tana aikin, kuma ba ta yi gwaji ko ɗaya na kanta ba. Duk abin da ta faɗa yana nan a rubuce tun da farko, sai dai a warwatse: masu nazarin tsuntsaye suna da nasu alƙaluma, masu kifi suna da nasu, likitoci suna da nasu, kowa a ofishinsa, ma'aikatar da ke feshin kuma ba ta karanta na kowa. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikata ya san yadda rahoto mai nauyi yake kwana a durowa saboda ya saɓa wa shirin da aka riga aka ware wa kuɗi. Carson ta san inda irin waɗannan rahotanni suke, ta san su wa suka rubuta su, domin da yawansu ta taɓa gyara musu rubutu. Tsofaffin abokan aikinta da masanan da ke cikin gwamnati sun riƙa turo mata bayanai, waɗansu a ɓoye don tsoron rasa aiki. Jerin madogarar da ta sa a ƙarshen littafin ya haura shafi 50.

Misalin da ya fi fito da hujjarta fili shi ne na tabkin Clear Lake da ke arewacin Kalifoniya. Akwai wani ƙanƙanin ƙwaro mai kama da sauro, wanda ba ya cizo, amma yawansa yana damun masu zuwa kamun kifi da shaƙatawa. A 1949 aka zuba wa tabkin DDD, ɗan'uwan DDT, a kan awon kashi ɗaya na magani cikin kashi miliyan 70 na ruwa, awon da aka lissafa da kyau don kada ya taɓa kifi. Ƙwaron ya ragu, sannan ya dawo. Aka sake zubawa a 1954 da 1957, a kan kashi ɗaya cikin miliyan 50. Bayan zubi na biyu sai wani tsuntsun ruwa mai nitso yana cin kifi ya fara mutuwa, fiye da ɗari a lokacin sanyi ɗaya. Ba a sami wata cuta a jikinsu ba. Da aka auna kitsensu, sai aka tarar da DDD har kashi 1,600 cikin miliyan, wato ninki dubu 80 na abin da aka taɓa zubawa a ruwan.

Yadda hakan ya faru shi ne ainihin darasin. DDD da DDT ba sa narkewa a ruwa, amma suna narkewa a kitse, kuma jiki ba ya iya sarrafa su ya fitar da sauri. Ƙananan halittun da ke yawo a cikin ruwan tabkin sun tsotsi maganin har ya kai kimanin kashi 5 cikin miliyan a jikinsu. Kifayen da ke cin waɗannan halittu suna cin dubbai a rana, abincin ya narke ya fita, maganin ya zauna. A jikinsu an sami kashi 40 zuwa 300. Manyan kifaye masu cin ƙanana sun tara fiye da haka, wani nau'in tarwaɗa ya kai 2,500. Tsuntsun da ke can ƙarshen wannan sarƙar abinci shi ya gaji abin da duk na ƙasa da shi suka tara. Jim kaɗan bayan zubi na ƙarshe, da aka auna ruwan, ba a ga alamar maganin ba, domin ya riga ya ƙaura daga ruwa zuwa jikin masu rai. Tsuntsayen da a da suke sheƙa a tabkin sun haura ma'aurata 1,000. A 1960 kimanin 30 suka rage. Jami'in da ya auna ruwa kaɗai zai rubuta cewa tabkin yana lafiya, kuma bai yi ƙarya ba.

Haka abin ya kasance a tudu. A harabar Jami'ar Jihar Michigan an fesa wa itatuwa DDT don kare su daga wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa. Ganye ya zuba, tana ta ci ruɓaɓɓen ganyen, da sanyi ya wuce sai wani tsuntsu mai jan ƙirji ya dawo ya ci tanar, ya yi ta karkarwa har ya mutu. Daga irin wannan ne ta samo sunan littafin, Silent Spring, wanda ke nuni da zuwan lokacin da aka saba jin kukan tsuntsaye bayan sanyi, amma a ji tsit.

Hujjarta ta biyu ta shafi ƙwarin kansu. A cikin miliyoyin sauro ko ƙuda ba a rasa 'yan kaɗan da halittarsu ta ba su juriya ga magani. Feshi yakan kashe sauran ya bar waɗannan, su kuma su hayayyafa cikin 'yan makonni, jikokinsu su cika wurin. Ƙudan gida ya fara jure wa DDT a Turai tun kafin 1950, sauron zazzaɓi ya bi sahu a ƙasar Girka a farkon shekarun 1950. Najeriya ma tana cikin wannan tarihi: a shirin gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da aka fara a 1954 a yankin Birnin Kebbi, na lardin Sakkwato a wancan lokaci, sauro ya fara jure wa dieldrin cikin ƙasa da shekara biyu. Wannan batu yana da muhimmanci saboda zargin da aka daɗe ana yi mata bayan mutuwarta, cewa ita ce sanadin hana DDT, don haka alhakin yaran Afirka da zazzaɓi ya kashe yana wuyanta. Carson ba ta nemi a hana magungunan ƙwari ba. Abin da ta yi gargaɗi a kai shi ne watsa su ba lissafi a gonaki da dazuzzuka, wanda ke gaggauta juriyar ƙwari har maganin ya daina amfani a inda ake matuƙar bukatarsa, wato yaƙi da cuta. Haramcin da Amurka ta yi a 1972 na amfani ne a cikin ƙasarta, Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma ta bar ƙofa a buɗe ga ƙasashen da ke bukatar DDT don sauro.

Littafin bai rasa rauni ba. Babin farko tatsuniya ce ta wani gari da babu shi, inda ta tattara masifun da suka faru a wurare daban-daban, abin da ya ba masu suka makami. A kan dangantakar magungunan da ciwon daji ta yi gaba da abin da hujjojin zamaninta suka tabbatar. Sai a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa DDT a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi. Ba ta kuma ba da isasshen fili ga rayukan da maganin ya ceta ba. A ɗaya ɓangaren, babbar illar DDT ga tsuntsaye masu farauta, wato sa ɓawon ƙwai ya yi laushi ya fashe ƙarƙashin uwa, sai a 1967 aka gano ta, bayan ta rasu. A nan abin da ta faɗa bai ma kai girman ɓarnar ba.

Duk wannan aiki ta yi shi ne cikin hali mai wuya. A 1957 'yar yayarta Marjorie ta rasu, ta bar yaro ɗan shekara biyar mai suna Roger, Carson ta ɗauke shi riƙo. Mahaifiyarta ta rasu a ƙarshen 1958. A 1960 aka yi mata tiyatar cire mama, likitan bai gaya mata gaskiyar cewa sankara ce mai yaɗuwa ba, sai bayan watanni ta sani daga wani likitan. Ta ɓoye ciwon ga kowa sai 'yan makusanta, domin ta san idan kamfanoni suka ji za su ce tsoro da ɗacin rai ne suka rubuta littafin.

Mujallar New Yorker ta fara buga sassansa ranar 16 ga Yuni, 1962, littafin ya fito ranar 27 ga Satumba. Kamfanin Velsicol ya yi barazanar kai mawallafin kotu, Monsanto ya buga wani rubutu na shaguɓe a kan yunwa da annobar da za su auku idan babu magungunan ƙwari, ƙungiyar masu sarrafa sinadaran noma kuma ta kashe maƙudan kuɗi wajen mayar da martani. An kira ta mace mai firgici, an ce ba ta da digirin digirgir, an ma jingina ta da gurguzu. Amma ƙasa ta riga ta yi laushi. Jama'a sun ji labarin burbushin gwajin makaman nukiliya da aka samu a madara da haƙoran yara, sun kuma ga hotunan jariran da maganin thalidomide ya nakasa a Turai. Tun a watan Agusta Shugaba John F. Kennedy ya ambaci littafin a taron manema labarai. Ranar 3 ga Afrilu, 1963, gidan talabijin na CBS ya nuna shiri na musamman a kai. Miliyoyin mutane suka ga wata mata mai sanyin murya tana jero hujjoji, suka kuma ga manyan jami'an gwamnati ɗaya bayan ɗaya suna amsa cewa ba a bincika tasirin magungunan na dogon lokaci ba. Ranar 15 ga Mayu kwamitin masana kimiyya mai bai wa shugaban ƙasa shawara ya fitar da rahoton da ya goyi bayan yawancin maganarta, ya nemi a riƙa janye magungunan da ke daɗewa ba su ruɓe ba.

Ranar 4 ga Yuni, 1963, ta bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Abraham Ribicoff. Sankarar ta riga ta shiga ƙashinta, da ƙyar take tafiya. Shawarwarin da ta kawo na wadda ta san gwamnati daga ciki ne: ɗan ƙasa yana da haƙƙin kada a fesa guba a gidansa ba da saninsa ba, kuma bai dace ma'aikatar da ke tallata amfani da magungunan ta zama ita ce mai sa musu ido ba. Wannan rabuwar aiki ita aka yi a 1970, lokacin da aka kafa Hukumar Kare Muhalli ta Amurka aka karɓe rajistar magungunan ƙwari daga hannun Ma'aikatar Aikin Gona.

Ba ta ga wannan ba. Ta rasu ranar 14 ga Afrilu, 1964, a gidanta da ke Silver Spring a jihar Maryland, tana da shekara 56, Roger yana da 12. A shekarar da ta gabata an ƙirga ma'auratan gaggafa mai farin kai, tambarin ƙasar Amurka, 417 kacal a jihohi 48. A 2007 yawansu ya farfaɗo har aka cire su daga jerin halittun da ke cikin haɗari. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya ba ta lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula, shekara 16 bayan rasuwarta. Tsohuwar hukumarta kuwa tun a 1969 ta sa sunanta a kan wani gandun namun daji da ke bin gaɓar tekun Maine, fadamun ruwan gishiri ne da tsuntsaye masu ƙaura ke sauka su yi kiwo a kan hanyarsu.